Yadda Ake Tsara Ranakun Sauka a Tafiyar Jirgin Ruwan Shaƙatawa a Bahar Rum

Jirgin ruwan shaƙatawa ba ya jiran wanda ya makara. A kan wannan ake gina duk wani shiri na ranar sauka. Jirgin da ke ɗauke da fasinja dubu huɗu ko biyar yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi ya bar gurbinsa, akwai matuƙin tasha da aka tanada don ya fitar da shi, kuma dole ya kwana yana tafiya don ya isa gari na gaba da asuba. Idan ka fita yawo da kanka ka dawo ka tarar an ɗage gada, kai za ka nemi hanyar da za ka riske shi a tasha ta gaba, da kuɗin aljihunka.

Misalin da za a bi a nan shi ne zagayen kwana bakwai na yammacin Bahar Rum, wanda kamfanoni irin su MSC, Costa da Royal Caribbean suka saba yi: Barcelona a Sifaniya, Marseille a Faransa, sai Genova ko Savona, Civitavecchia da Napoli a Italiya, wani lokaci a haɗa da Palma ko Valletta ta ƙasar Malta.

Kafin ka biya kuɗi, karanta jadawalin da idon basira

Abu uku ake dubawa a gaban kowane gari: sunan tashar da jirgi zai tsaya, ƙarfe nawa zai iso ya tashi, da kuma ko zai jingina da gaɓa ne ko zai jefa anga a nesa.

Sunan da ake tallatawa sau da yawa ya bambanta da inda za a sauke ka. In ka ga an rubuta Roma, to Civitavecchia ake nufi, kuma tsakaninsu kusan kilomita 80 ne. Firenze da Pisa na nufin Livorno ko La Spezia. Daga Livorno jirgin ƙasa na kai ka Pisa cikin kamar minti 20, amma Firenze sai ka ci kusan awa ɗaya da rabi. Genova, Napoli da Valletta kuwa a bakin gari jirgi yake tsayawa, kana fita ka shiga cikin jama'a. Saboda haka tsayawar awa takwas a Napoli ta fi ta awa goma a Civitavecchia albarka.

Sai ranar mako. Gidan tarihin Vatican a rufe yake ran Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata. Gidan zane-zane na Uffizi da ke Firenze ba ya buɗewa ran Litinin. Wanda ya biya tafiya don wani wuri guda, ya tabbatar ranar da jirgi zai tsaya wurin a buɗe yake.

Tashoshin anga, irin su Cannes da Villefranche a Faransa ko Santorini a Girka, ƙananan jiragen ruwa ne ke jigilar mutane zuwa gaɓa. Ana raba lamba, waɗanda suka sayi yawon da kamfanin jirgi ke shiryawa su ake fara fitarwa, kuma mai fita da kansa zai iya jiran awa guda ko fiye. In teku ta yi tsauri, kyaftin na iya soke saukar gaba ɗaya. Ko Marseille da ke da gurbi mai kyau, iskar nan mai ƙarfi da ake kira mistral takan hana jirgi shiga. Don haka kada ka biya kuɗi mai yawa wanda ba a mayarwa a kan yawon irin waɗannan tashoshi.

Biza da takardu

Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana buƙatar bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai. Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta duk suna cikin yankin, biza ɗaya ta wadatar. Inda ake samun matsala shi ne idan jadawalin ya ratsa wata ƙasa ta waje, misali Tunusiya, Turkiyya ko Montenegro. Da zarar jirgi ya tsaya can, ka fita daga yankin ke nan, ko da ba ka sauka ba, kuma komawa Italiya shiga ce ta biyu. Mai bizar shiga sau ɗaya ana iya hana shi hawa jirgin tun ranar farko, kuma kamfani ba ya mayar da kuɗi a kan laifin takardu. Nemi bizar shiga sau da yawa, ka haɗa da takardar jadawalin jirgi a cikin takardun neman, sannan ka bincika ko ita ƙasar ta waje tana buƙatar tata bizar daban.

Ana neman bizar a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. In kwanakin sun yi daidai, ƙasar da za ka fara shiga. Dokar Schengen na buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da fasfo da zai wuce ranar fitarka da aƙalla wata uku. Kamfanonin jiragen ruwa galibi wata shida suke nema, to bi nasu. Karanta inshorar ka ga ta ambaci tafiyar jirgin ruwa, domin asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, kuma ɗauke maras lafiya daga teku ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mace mai cikin da zai kai mako 24 a lokacin tafiya ba a ɗaukarta, jariri kuma sai ya kai wata shida a yawancin kamfanoni.

Wani abu da mutanenmu kan manta: Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje a cikin kayan fasinja. Kilishi, dambun nama da man shanu a bar su a gida.

Ranar hawa

Iso garin da jirgi zai tashi kwana ɗaya kafin ranar. Daga Kano, Abuja ko Yamai sai an canza jirgin sama a hanya, kuma jinkirin awa uku a Istanbul, Alƙahira ko Casablanca ya isa ya raba ka da tafiyar gaba ɗaya. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Kwana ɗaya a otal kuma yana ba akwatin da ya ɓata a hanya damar risko ka.

Kamfani zai ba ka lokacin rajista ta intanet da takardun liƙa wa akwati masu lambar ɗaki. A bakin tasha masu ɗaukar kaya za su karɓi manyan akwatuna, ba za ka sake ganinsu ba sai da yamma a ƙofar ɗakinka. Don haka fasfo, magunguna, caja, kuɗi, dardumar sallah da kayan sawa kala ɗaya su kasance a jakar hannu. Dutsen guga, tukunyar dafa ruwa ta lantarki da doguwar wayar soket mai karewa daga hawan wuta duk ana ƙwace su, saboda gobara ce abin da aka fi tsoro a teku.

Za a ba ka kati guda. Shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne kuɗinka a cikin jirgi, shi kuma ake dubawa duk lokacin da ka fita ko ka dawo. Da shi jirgi ke sanin wanda bai dawo ba. Ana haɗa shi da katin banki ko a ajiye tsabar kuɗi. Katin dala ya fi katin naira kwanciyar hankali. Sa a lissafinka kuɗin hidimar ma'aikata da ake cira kowane dare a kan kowane mutum, wanda a jiragen Turai yakan kama tsakanin yuro 10 da 15, na Amurka kuma ya fi haka.

Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto, kuma dole ne. An tsananta dokarsa bayan haɗarin Costa Concordia kusa da tsibirin Giglio a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Je ka ga wurin taruwarka da idonka, ka san matakalar da ke kai wa can ba tare da lif ba.

Sa wayarka a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa. In ba haka ba za ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgi, wanda kuɗinsa ke cinye kati cikin mintuna.

Lissafin ranar sauka daga baya ake fara shi

Kowane dare za a kawo maka takardar shirin gobe, ko ka gan ta a manhajar kamfani. Ɗauki hoton abu biyu: lokacin da dole kowa ya kasance a cikin jirgi, da suna da lambar wayar wakilin jirgi a wannan tasha. Lokacin dawowa galibi minti 30 ne kafin tashi, a tashar anga kuma ƙaramin jirgi na ƙarshe yakan bar gaɓa awa guda kafin tashi. Da agogon jirgi ake aiki. A Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta duk agogo ɗaya ne, yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, amma Girka da Turkiyya suna gaba da Italiya, kuma waya takan canza lokaci da kanta ba ka sani ba. Agogon hannu da ka saita da na jirgi ya fi aminci.

Civitavecchia ce ta fi bukatar wannan lissafi, don haka bari a bi ta daki-daki. A ce jirgi ya iso ƙarfe 7 na safe, zai tashi 7 na yamma, dawowa 6:30.

 Bas ɗin tasha na kyauta zai ɗauke ka daga gindin jirgi zuwa dandalin Largo della Pace. Daga nan zuwa tashar jirgin ƙasa akwai wata bas ta kuɗi kaɗan, ko tafiyar ƙafa ta kamar minti 20 zuwa 25. Gaba ɗaya, daga ɗakinka zuwa bakin dogo, ware minti 45 zuwa awa ɗaya. Jirgin ƙasa na yanki yana tsayawa a Roma San Pietro bayan kamar awa guda, sannan Trastevere, Ostiense, ya ƙare a Termini, babbar tashar Roma, cikin minti 70 zuwa 80. Kuɗinsa bai kai yuro 5 ba a tafiya ɗaya. Akwai kuma tikitin yini da ake kira BIRG, kusan yuro 12, wanda ya haɗa zuwa da dawowa da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin Roma. Ba ya aiki a jirage masu sauri irin su Intercity da Frecce. Tikitin takarda sai ka cusa shi a ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin ka hau. Wanda bai buga ba, mai duba tikiti zai ci shi tara nan take, kuma cewa kai baƙo ne ba ya hana.

Yanzu juya lissafin. Kana so ka taka gadar jirgi ƙarfe 5:30, ka bar awa guda ta ko-ta-kwana. Ke nan ka sauka a tashar Civitavecchia 4:45. Ke nan jirgin ƙasa ya bar Termini wajen 3:20. Jiragen Civitavecchia kuma galibi daga dandamali na can ƙarshen tashar suke tashi, masu lamba 25 zuwa sama, tafiyar minti 10 zuwa 15 daga babban zaure, kuma nan mutane da yawa ke rasa jirginsu suna gudu. To ka kasance a Termini ƙarfe 3. In ka isa Roma 9:30 na safe, awa biyar da rabi ke hannunka, ba goma sha biyu ba. Ka'idar ita ce a bayan jirgin ƙasan da ka zaɓa a samu aƙalla wasu biyu da za su iya kai ka a kan lokaci.

Awa biyar da rabi ba ta ɗaukar Vatican da Colosseo, tsohon filin wasan Romawa, duka a natse. Zaɓi ɗaya ka shiga, ɗayan ka gan shi daga waje. Hanya mai sauƙi ita ce ka sauka a San Pietro, ka taka minti 10 zuwa dandalin Vatican, ka bi ta Castel Sant'Angelo, Piazza Navona, Pantheon da maɓuɓɓugar Trevi, ka ƙare a Colosseo, daga nan layin B na jirgin ƙarƙashin ƙasa tasha biyu ne zuwa Termini. Tikitin Colosseo da na gidan tarihin Vatican na lokaci ne ƙayyadadde, a saya ta intanet makonni kafin tafiya, kada a zaɓi lokacin da ya gaza 10:30 na safe. Wanda ranarsa ta faɗo Juma'a yana son jam'i, babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995 yana arewacin gari, ana zuwa da ƙaramin jirgin ƙasa daga Piazzale Flaminio. Amma sai ya haƙura da yawancin yawon, don lokaci ba zai ɗauki biyun ba.

Yajin aiki abu ne da aka saba da shi a sufurin Italiya, kuma yakan faɗo ran Juma'a. Kalmar da za ka nema a allo ita ce sciopero. Ana sanar da shi kwanaki kafin ranar. A ranakun aiki akwai jiragen yanki da doka ta tabbatar daga 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na dare, amma na daren ya yi wa mai komawa jirgin ruwa latti. Ranar yajin aiki ko dai ka sayi yawon kamfani ko ka zauna a Civitavecchia.

Sauran tashoshin

Barcelona: manyan jirage a Moll Adossat suke tsayawa, bayan wata doguwar gada da ba ta da daɗin takawa cikin rana. Bas ɗin tasha na kai ka kusa da gunkin Columbus a ƙasan titin La Rambla da kuɗi kaɗan, kuma tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Drassanes, a layi na 3, tana nan kusa. Majami'ar Sagrada Família, da aka fara ginawa tun 1882, ba a samun tikitinta a bakin ƙofa, sai an saya tun da wuri. Masu yankan aljihu a La Rambla da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ƙwararru ne: waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji, kada a rataya ta a bayan kujera a gidan abinci.

Marseille: tashar tana kusan kilomita 8 daga tsohuwar tashar Vieux-Port. Ko bas ɗin kamfani na kuɗi, ko tasi, ko ka yi doguwar tafiya zuwa ƙofa ta 4 ka hau bas mai lamba 35 zuwa Joliette. In kun kai mutum uku ko huɗu, tasi ɗaya yakan fi kujerun bas ɗin kamfani araha. Daga Vieux-Port bas mai lamba 60 na hawa tudun Notre-Dame de la Garde, inda ake hango gari duka. Kasuwar Noailles cike take da mahauta da gidajen abinci na halal na 'yan Arewacin Afirka, kuma a duk zagayen nan ne aka fi samun nama cikin kwanciyar rai.

Genova ba ta da wahala: daga Stazione Marittima minti 10 ne a ƙafa zuwa tashar Piazza Principe, tsohon gari ma da ƙafa ake zuwa.

Napoli: fita daga tasha, hau layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa a Municipio zuwa Garibaldi, sauka ƙasa zuwa jirgin Circumvesuviana mai zuwa Sorrento, ka sauka a Pompei Scavi bayan kamar minti 35 zuwa 40. Duba allon gaban jirgin, domin layuka da dama ne ke bi ta dandamali ɗaya, kuma akwai wata tashar Pompei daban da ke nesa da ƙofar kufai. Garin da dutsen Vesuvio ya binne a shekara ta 79 fili ne mai faɗi, duwatsu a ƙasa, inuwa kaɗan. Awa uku, hula, ruwa da takalmi mai kauri. Tsibirin Capri kuwa daga gaɓar Molo Beverello ake tafiya, kamar minti 50 a jirgi mai gudu. Sayi tikitin dawowa tun da safe, kada kuma ya zama jirgi na ƙarshe, don in igiyar ruwa ta tashi sokewa ake yi.

Valletta: ganuwar gari na saman kanka kana sauka. Lif ɗin Barrakka na kai ka sama da yuro ɗaya.

Yawon kamfani ko na kai

Yawon da ka saya a hannun kamfanin jirgi yakan ninka na kai sau biyu ko uku a kuɗi, amma in motarsu ta makara jirgi na jira, ko su ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Ya cancanci kuɗinsa idan wurin ya wuce tafiyar awa ɗaya da rabi, idan tsayawar gajera ce, idan akwai tsofaffi ko yara ƙanana, ko ranar yajin aiki. A Genova, Valletta, Palma da Barcelona asarar kuɗi ce ga mai lafiyar ƙafa.

Abin da za ka fita da shi: katin jirgi, takardar shaida mai hoto, katin banki ɗaya, yuro 50 zuwa 100 a ƙananan takardu, maganin yini biyu, da abin caja na tafi-da-gidanka. Game da fasfo, bi umarnin jirgi na wannan tasha. Wani lokaci su ke riƙe shi. In yana hannunka kuma za ka bar shi a jirgi, to ka sa shi a cikin akwatin sirri na ɗaki, domin nan ma'aikata ke dubawa su miƙa wa wakilin tasha idan an tafi an bar ka. Kwafinsa da na biza su kasance a jikinka da cikin waya.

Sallah a cikin jirgi tana buƙatar ɗan lura, don alƙibla na juyawa da juyawar jirgi. Tashar talabijin ta ɗaki tana nuna taswira da inda aka dosa, sai ka gwada da kamfas kafin kabbara. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Barcelona sai kusan 9:30 na dare. Abincin halal kuma a nema a rubuce makonni kafin tafiya, a sake tuna wa shugaban masu hidimar abinci a daren farko. Inda babu, kifi da ganye ba sa yankewa, amma tambayi ko an sa giya a miya. Mai jin jiri ya zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi a bene na ƙasa, ya riƙe citta, ya sha maganin jiri kafin teku ta fara kaɗawa.

Idan ka ga za ka makara

Kira wakilin jirgi tun kana hanya, kada ka bari sai ka iso. Faɗi sunanka, lambar ɗaki, inda kake da mintunan da suka rage maka. Kyaftin na iya ƙara 'yan mintuna idan ya san kana kusa, amma ba wajibi ba ne a kansa. In jirgin ƙasa ya tsaya a hanya, sauka ka ɗauki tasi. Daga Roma zuwa Civitavecchia zai haura yuro 100, duk da haka bai kai kuɗin otal da tikitin bin jirgi ba.

In an riga an tafi, je wurin jami'an tasha ka nemi wakilin. Karɓi fasfonka in an bar maka, ya sanar da jirgi cewa za ka hau a tasha ta gaba. Tsakanin Civitavecchia, Napoli, Livorno da Genova jirgin ƙasa ya wadatar cikin sa'o'i kaɗan. Palma da Valletta kuwa a kan tsibiri suke, galibi sai jirgin sama. In tasha ta gaba tana wajen yankin Schengen, tambayi wakilin ko ya fi maka ka tsallake ta ka jira a wadda ke biye, don shiga ta filin jirgin sama na iya buƙatar bizar da fasinjan jirgin ruwa bai buƙata ba. Adana kowane rasiɗi da shaidar jinkirin jirgin ƙasa saboda inshora.

Daren ƙarshe ana ajiye akwatuna a ƙofar ɗaki da takarda mai launi da ke nuna rukunin fitarka, sai ka bar kayan sawa na safe a jakar hannu. Duba lissafin kuɗinka a daren, don gyara kuskure da safe layi ne mai tsawo. Jirgin saman komawa gida kada ya tashi kafin 12 na rana daga Barcelona, daga filin jirgin saman Fiumicino na Roma kuwa, ga mai sauka a Civitavecchia, ƙarfe 1 ko 2 ya fi.